Tambayar Uwa Labarin Ƙuruciyarta A Ɗakin Likitan Yara

Ga wata mas'ala da ta taso tsakanin likitocin yara na ƙasar Amurka, suka rabu biyu a kanta, har yau kuwa ba su daidaita ba. Mas'alar ita ce: mace ta kawo jaririnta asibiti don a auna nauyinsa, a yi masa allurar rigakafi, shin ya kamata likita ya miƙa mata takarda mai 'yan tambayoyi a kan wahalar da ita kanta ta sha tana yarinya, ko kuwa ya duba yaron da aka kawo masa ya kama bakinsa? Mun ga ya dace mu kawo ta nan, gama tushenta abu ne da ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa, watau awo: abin da mudu yake iya aunawa, da abin da ya fi ƙarfin mudu. Don kada mu ja mai karatu da nisa, ra'ayinmu tun da fari shi ne wannan: tambayar tana da fa'ida, amma lambar da ake fitarwa daga amsar ba ta isa a yanke wa mace guda hukunci da ita ba, kuma wanda bai tanadi taimako ba, bai kamata ya yi tono ba.

Fasali na farko: asalin maganar

A shekarar 1985 akwai wani likita, sunansa Vincent Felitti, yana lura da sashen rage ƙiba na ƙungiyar lafiya ta Kaiser Permanente a birnin San Diyego, cikin jihar Kalifoniya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutane da yawa suna barin magani daidai lokacin da maganin ya fara yi musu aiki. Sai ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu labarin rayuwarsu, ya tarar da yawa daga cikinsu an yi musu lalata suna ƙanana, sun girma da abin a ciki. Daga nan ya haɗa kai da Dakta Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake kira CDC. Tsakanin 1995 da 1997 suka tambayi manya fiye da 17,000 labarin ƙuruciyarsu, suka gwada amsoshin da halin lafiyarsu. Sakamako na farko ya fito a 1998.

Abubuwan da suka ƙidaya, bayan lissafin ya kammala, goma ne, dukansu waɗanda suka sami mutum kafin ya cika shekara 18. Uku na cutarwa ne: zagi da wulaƙanci na yau da kullum, da duka mai tsanani, da lalata da yaro. Biyu na sakaci ne: a bar yaro da yunwa da dauɗa ba mai kai shi magani, ko a bar shi ba mai nuna masa ƙauna. Biyar kuma na halin gida ne: ya ga ana dukan uwarsa, ko a gidan akwai mashayi, ko mai taɓin hankali, ko an ɗaure wani ɗan gidan a kurkuku, ko iyaye sun rabu. Kowane ɗaya da mutum ya ce ya same shi, sai a ba shi lamba ɗaya, a tara, ya tashi da wani adadi tsakanin sifiri da goma. Turawa suna taƙaita sunan abin da haruffa uku, ACE. Mu nan sai mu ce wahalolin ƙuruciya.

Abin da suka samu ya girgiza likitoci. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen nan suna da aƙalla ɗaya, mutum ɗaya cikin takwas kuwa yana da huɗu ko fiye. Waɗannan fa ba matalauta ba ne. Galibinsu farar fata ne, masu ilimi, masu inshorar lafiya. Da aka gwada masu huɗu ko fiye da masu sifiri, sai aka ga haɗarin shan giya da shan ƙwaya, da ciwon damuwa, watau baƙin cikin da ke zama cuta, da yunƙurin kashe kai, ya ninka musu sau 4 zuwa sau 12. Ciwon zuciya da na huhu da na hanta su ma sun fi yawa a cikinsu. Abin kamar matakala yake: lamba ta hau, cuta ta hau. A 2019 hukumar CDC ta ba da wata ƙidaya daga jihohi 25, ta sami 61 cikin 100 na manya suna da aƙalla ɗaya, 16 cikin 100 suna da huɗu ko fiye. Wannan gefen maganar babu mai gardama a kansa.

Fasali na biyu: me ya kawo uwa cikin zancen, alhali yaro aka kawo?

Jikin mutum in ya firgita yakan saki waɗansu sinadarai cikin jini, kamar wanda ake kira kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan yana da amfani in firgicin na sa'a guda ne. Amma in ya zama na shekaru, kuma babu babban da zai rarrashi yaro, jiki yakan saba da zaman ɗar-ɗar, kamar bakan da aka bari a ɗane dare da rana har tsirkiya ta gaji. Yarinyar da ta tashi haka, in ta girma ta haihu, kukan jariri da tsakar dare, wanda ke gajiyar da kowace uwa, yana iya zame mata abin firgita ko abin fushi, ko kuwa ta yi sanyi ta janye jikinta. Jariri kuwa daga amsar mai renonsa yake koyon duniya: ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a ɗauke shi, ta haka harshe da natsuwa suke kafuwa.

Bincike ya tabbatar da akwai wannan igiya tsakanin jiya ta uwa da yau ta ɗa. A 2018 aka buga wani bincike a kan uwaye 311 da 'ya'yansu a birnin Portland na jihar Oregon. Aka ga kowace lamba ɗaya da ta ƙaru a lissafin uwa, haɗarin a ga alamar jinkiri a girman ɗanta yana shekara biyu, wajen magana ko motsi ko cuɗanya da mutane, yakan ƙaru da 18 cikin 100. A wannan shekara dai wani binciken ya nuna matsalolin ɗabi'a sun fi yawa a 'ya'yan iyayen da ke da huɗu ko fiye, kuma tasirin ta wajen uwa ya fi na wajen uba ƙarfi.

To, don me sai a ɗakin likitan yara? Domin a tsarin Amurka ana kawo jariri gwajin lafiya cikin kwanakinsa na farko, sa'an nan yana wata 1, da 2, da 4, da 6, da 9, da 12. Uwa kuwa dubawar da aka daɗe ana yi mata bayan haihuwa guda ce, wajen mako shida, kuma ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta faɗa a 2018 cewa har 40 cikin 100 na masu jego ba sa zuwa ko wannan. Mace takan manta da kanta, amma da wuya ta manta da ranar allurar ɗanta. Saboda haka babu likitan da ya kai likitan yara ganin fuskar mai jego. Wannan ita ce hujjar masu cewa a tambaya, kuma lalle hujja ce mai ƙarfi.

Fasali na uku: yadda ake yin tambayar

A wancan birni na Portland, wani asibitin yara inda Dakta R. J. Gillespie yake aiki ya fara a 2013 ba iyaye takardar nan ranar da aka kawo jariri yana wata huɗu. Ba su tsaya ga lamba ba. In mace ta amsa, likita yakan bi ta da tambayar baki: akwai abin da har yanzu yake damunta daga cikin waɗannan? Wanda ya daina damunta, ta yaya ta kai ga haka? Ta yaya take ganin abin yana shafar renonta? Sun kuma lura da wani abu mai fa'ida: in aka ce mace ta rubuta jimla kaɗai, ba sai ta nuna wanne ne ya same ta ba, an fi samun masu faɗa. Kunya ba ta mutanen wata ƙasa guda ba ce.

Amma likita ba shi da lokaci; 'yan mintoci ne tsakaninsa da mai bi masa. Saboda haka aka shiga neman taƙaitawa. A 2017 Dakta Roy Wade na birnin Filadelfiya da abokan aikinsa suka nuna tambaya biyu kaɗai, watau ko mutum ya tashi a gidan da akwai mashayin giya, da ko babba a gidan yana zaginsa yana wulaƙanta shi, suna iya kama galibin masu lamba mai yawa. Wannan kamar ɗan kasuwa ne ya soka buhu ya ɗebi 'yar ƙwaya a tafin hannu don ya san irin hatsin da ke ciki.

Sa'an nan hukuma ta shigo. Dakta Nadine Burke Harris, likitar yara wadda ta yi aiki a wata unguwar talakawa ta birnin San Faransisko, ta zama babbar likitar jihar Kalifoniya daga 2019 zuwa 2022. A zamaninta, daga farkon 2020, jihar ta fara biyan likita dala 29 a kan kowane gwajin wahalolin ƙuruciya da ya yi wa mai inshorar talakawa, yaro ko babba, muddin likitan ya yi horo na sa'a biyu. Niyyar mai kyau ce, ba mu da shakka. Amma a nan gizo yake saƙa, gama abin da aka sa wa kuɗi shi ne cika takarda, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ake biya shi ake yawaita kawowa kasuwa.

Fasali na huɗu: illolin dogara ga lamba

Illa ta farko, lambar tana ƙidaya ne, ba ta auna nauyi. Wadda iyayenta suka rabu cikin mutunci, kaka ta riƙe ta da gata, lambarta ɗaya. Wadda aka yi shekara biyar ana yi mata lalata a gidan da babu sauran tara ɗin, lambarta ɗaya. Buhun auduga ɗaya ne, buhun gishiri ma ɗaya ne, amma a tambayi ɗan dako. Lambar ba ta tambayar shekarar da abin ya faru, ko sau nawa, ko wa ya tsaya wa yarinyar bayan ya faru. In goma ba ta rarrabe wannan ba, ina ga biyu?

Illa ta biyu, kuma ita ce babba: hukuncin galibi daban, hukuncin mutum guda daban. Tsohon direba ya san hanyar da ta fi cin motoci da damina, amma ba ya iya nuna maka motar da za ta kafe gobe. A 2021 Jessie Baldwin da abokan aikinta suka gwada wannan da mutanen da aka bi tun suna yara: tagwaye 2,232 da aka haifa a Ingila da Wales a 1994 da 1995, da kuma mutum 1,037 da aka haifa a birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan a 1972 da 1973. A jimla, masu lamba mai yawa sun fi rashin lafiya, kamar yadda aka sani. Amma da aka ce lambar ta nuna wane ne zai kamu, sai ta kasa. Cikin tagwayen nan, in ka ɗauko mutum biyu, ɗaya mai matsalar ƙwaƙwalwa ɗaya lafiyayye, ka ce lamba ta nuna maka mai ciwon, sau 58 cikin 100 take dacewa. Wanda ya rufe ido ya yi canke yana dacewa sau 50. Wane mai hankali ne zai ba da bashi ko ya hana a kan shaida irin wannan? Shi kansa Dakta Anda, wanda da shi aka ƙera mudun, ya fito a 2020 da abokan aikinsa biyu ya yi gargaɗi cewa an yi shi ne don auna jama'a, bai dace a ɗauke shi a riƙa tantance mutum ɗaya ɗaya da shi ba. In maƙeri ya ce wannan wuƙa ba ta aski ba ce, ya kamata wanzami ya saurara.

Illa ta uku, tunawa ba ta da tabbas. A 2019 aka tattara bincike da yawa inda akwai shaida tun mutum yana yaro cewa an cutar da shi, sa'an nan aka tambaye shi bayan ya girma. Kusan rabi, 52 cikin 100, ba su ambaci abin ba. Waɗansu sun manta, waɗansu sun yi shiru da gangan, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ke nan sifiri a takarda ba ya nufin sifiri a zuciya, kuma likitan da ya ga sifiri ya saki jiki yana iya wuce wadda ta fi kowa bukata.

Illa ta huɗu, goman nan ba su game wahala duka ba. Talauci ba ya ciki, yaƙi ba ya ciki, wariyar launin fata ba ta ciki, haka nan zama a unguwar da ake harbe-harbe. Masu bincike a Filadelfiya da suka ƙara irin waɗannan sun tarar da mutanen da goman farko ba su kama ba. Mudun da aka yanka a kasuwar masu hali ba lalle ne ya dace da kasuwar talakawa ba.

Illa ta biyar, tambari. Mutane suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma su ɗin dai suke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A wannan mas'ala ta biyun ce ta fi yawan dacewa. Tun a 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na jami'ar Yale suka kimanta cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na waɗanda aka cutar suna yara suke cutar da nasu 'ya'yan. Kashi biyu cikin uku suna katse igiyar. Idan aka rubuta wa mace lamba shida a takarda, kowane ma'aikaci ya buɗe ya gani, sai a fara kallonta da idon tuhuma, ƙujewar da ɗanta ya yi a wasa ta zama abin bincike. A Amurka kuwa doka ta wajabta wa likita ya kai rahoto ga hukuma in ya yi zaton ana cutar da yaro. Binciken Cathy Widom na 2015 ya nuna alamar cewa iyayen da aka san an cutar da su suna yara an fi sa musu ido, an fi kai rahotonsu. Mace matalauciya ta san wannan sarai, tana tsoron a raba ta da ɗanta. Garin neman gira kada a rasa ido: in ta ji tsoro ta daina kawo yaron allura, an yi hasarar da ta fi ribar.

Fasali na biyar: in mai cewa ya ce

In mai cewa ya ce, tun da illolin sun kai haka, ai sai a bar tambayar ɗungum, likita ya tsaya ga sikeli da allura, sai mu ce a'a. Shiru ma yana da farashi, sai dai ba a rubuta shi a littafin ciniki. Selma Fraiberg, wadda ta yi aiki da uwaye da jarirai a jihar Mishigan, ta bayyana a 1975 abin da ta lura da shi: iyayen da suke iya tuna zafin da suka ji suna yara, suka sami mai sauraronsu, su ne suka fi tsare 'ya'yansu daga irinsa, waɗanda suka tuna abin da ya faru amma suka binne zafin, su aka fi tsoron su maimaita. Ashe ke nan magani yana cikin sauraro. Mace da ta ɗauki kaya shekara ashirin ba wanda ya taɓa ce mata sannu, ranar da wani mai mutunci ya gaya mata cewa abin nan ya sami mutane da yawa, ba laifinta ba ne, kuma ba dole ya bi ɗanta ba, wannan rana ba ƙarama ba ce a wurinta.

In kuma ya ce, to ai takardar ce ke buɗe bakin likita, in babu ita ba zai tambaya ba, sai mu ce wannan gaskiya ne, kuma saboda haka ba mu ce a yaga ta ba. Takarda sallama ce a ƙofar gida. Mai sallama yakan jira a amsa, ya shiga, ya zauna, ya ji abin da ake ciki. Wanda ya yi sallama ya rubuta a littafi cewa ya ziyarci gidan ya wuce, bai ziyarci kowa ba.

Fasali na shida: sharuɗɗan da muke gani

Na farko, izini. A gaya wa mace dalilin tambayar, a gaya mata tana da ikon ta ƙi amsawa, ko ta faɗi jimla kaɗai, kuma ƙin amsawa ba zai rage wa ɗanta kome ba.

Na biyu, amana. Kafin ta buɗe baki a gaya mata inda maganar za ta tsaya, da abin da doka ta tilasta wa likita ya kai gaba. Kada kuma a rubuta sirrin uwa cikin takardun yaro, gama takardun yaro uba yana da ikon karantawa, shi yaron ma in ya girma zai karanta.

Na uku, a fara da yau kafin jiya. Tana barci? Tana cin abinci? Akwai abinci a gidan? Akwai mai dukanta yanzu? Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana da ma'auni sananne mai tambaya goma, wanda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a birnin Edinbara a 1987, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a gwada uwa a kan wannan ciwo lokacin da jariri yake wata 1, da 2, da 4, da 6. Bambancin shi ne wannan ciwo yana nan yanzu, kuma yana da magani. Abin da ya wuce ba ya canjawa, amma abin da ya bari a jiki yau ana iya kama shi.

Na huɗu, a tambayi alheri kamar yadda aka tambayi sharri. Ɗan kasuwar da ya lissafa bashin da ake binsa bai lissafa jarinsa ba, bai san matsayinsa ba. A 2019 Christina Bethell da abokan aikinta suka tambayi manya a jihar Wiskonsin abubuwa bakwai na alheri a ƙuruciya, kamar ko mutum yana da wanda yake gaya wa damuwarsa a gida, ko akwai manya biyu, ban da iyayensa, da suka kula da shi da gaske. Masu shida ko bakwai, in aka gwada su da masu biyu ko ƙasa, haɗarin ciwon damuwa ya ragu musu da 72 cikin 100, kuma fa'idar tana nan har ga waɗanda suka sha wahala. Matar da aka tuna mata da gwaggon da ta share mata hawaye, an miƙa mata abin koyi da za ta yi reno da shi. A kan wannan hanya ƙungiyar likitocin yara ta ɗora nauyin matsayinta na 2021, watau ƙarfafa dangantaka mai aminci tsakanin yaro da mai renonsa.

Na biyar, shi ne ginshiƙi: a tanadi taimako kafin a tambaya. Tun a 1968 Wilson da Jungner suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idodi goma na gwajin jama'a, cikinsu akwai cewa kada a nemi cuta sai akwai maganin da aka yarda da shi, da wurin da za a ba da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Taimakon kuwa an san irinsa. A ƙarshen shekarun 1970 David Olds ya fara wani gwaji a garin Elmira na jihar Niyu Yok, inda ma'aikaciyar jinya take ziyartar mai cikin fari a gida tun kafin haihuwa har yaro ya shekara biyu. Da aka koma bayan shekara 15, sai aka ga cutar da yara da sakaci da su sun ragu da kusan rabi a gidajen da aka ziyarta. Kada kuma a ce sai ƙasa mai arziki da manyan likitoci take iya wannan. A karkarar Rawalfindi ta ƙasar Pakistan an koya wa matan da ke aikin lafiya a ƙauyuka yadda za su zauna da masu ciki masu ciwon damuwa, su taimake su gyara tunani. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bayan wata shida da haihuwa 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, alhali a inda ba a yi haka ba 53 ne. Da mu ake shawara, kuɗin da ake biya a kan cika takarda da an karkata mafi yawansa zuwa ga masu ziyara da masu sauraro.

Na shida, kada a ɗora wa mace kayan ita kaɗai. Uba ma yana da ƙuruciya, kuma abin da ya sha yana shiga gidan tare da shi. In kullum uwa kaɗai ake tambaya don ita ce ke ɗauko yaro, sai a wayi gari an mai da ita tushen kowace matsala, alhali sau da yawa ita ce bangon da ya tare iska.

Kammalawa

Kayan da ya karɓu a wata kasuwa ba ya daɗewa bai isa wata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta tsara irin wannan takarda don amfanin ƙasashe duka, mai nau'i 13, har da yaƙi da tashin hankalin unguwa a ciki, kuma ta tsara ta ne don ƙidayar jama'a. Saboda haka duk wanda ya sari wannan mudu, ya haɗa da gargaɗin maƙerinsa. A auna gari da shi, don hukuma ta san yawan wahalar da yara suke sha, ta san inda za ta sa dukiya. Amma mace guda da ke zaune gaban likita da jariri a cinya, a tambaye ta da ladabi, a saurare ta da haƙuri, a riƙe sirrinta, a nuna mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa gobe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai taimako ya zo da jinka. Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa a kan wannan mas'ala. Wanda yake da wata hujja daga cikin malamai da masu karatu, fili a buɗe yake.